Katin memori ya cinye mini fina-finai da bidiyon suna, me zan saya yanzu?

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne, iyalina suna cikin garin Gombe, amma tun bara aka mayar da ni wata makaranta a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Nafada, inda nake yin mako biyu kafin in leƙo gida. Ƙauyen babu wutar lantarki, sabis ɗin waya kuma sai an hau tudu, saboda haka idan na idar da sallar isha'i babu abin da ke ɗebe mini kewa sai kallon fim a waya. Wata uku da suka wuce na sayi katin memori da aka rubuta 1TB a jikinsa a kan kuɗi kaɗan, na sa aka zuba mini fina-finai, na kuma mayar da bidiyon sunan 'yata cikinsa, na goge na wayar don in samu wuri. Yanzu yawancin fina-finan sunansu kawai nake gani, ba sa buɗewa, har da bidiyon sunan, kuma har yau na kasa faɗa wa maiɗakina. Ƙarshen watan nan zan kwashi adashi. Wani abokina ya ce in sayi laftof na hannu da had-dis, wani ya ce tabilet, wani kuma ya ce in canza waya kawai. Ina neman shawara kafin in sake jefa kuɗina a rijiya.

Malamin makaranta, daga Gombe

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya raya yarinya, ya kuma saka maka da alheri bisa zaman da kake yi nesa da iyali domin karantar da 'ya'yan mutane. Tambayarka a kan abin da za ka saya take, amma zan fara da bidiyon sunan, domin fina-finan nan duka ana iya sake tura maka su gobe, shi kuwa bidiyon babu kasuwar da ake sayar da shi.

Ka cire katin daga wayar tun yau, ka adana shi, kada ka ƙara tura komai a ciki, kuma idan waya ko kwamfuta ta nemi a yi masa fomat, wato a goge duk abin da ke cikinsa, kada ka amince. Abin da ka bayyana alamar katin jabu ce. Masu haɗa irinsa sukan ɗauki ƙaramin kati, mai 8GB ko 16GB alal misali, su sauya bayanin da ke cikinsa yadda zai riƙa shaida wa waya cewa shi 1TB ne, wato 1,000GB, ita kuma wayar sai ta gaskata shi, ta ci gaba da zuba masa kaya. Muddin ba a wuce ainihin cikinsa ba komai yana tafiya lafiya, shi ya sa ba a ganin aibunsa ranar saye. Da zarar an wuce, ko dai sabon abu ya hau kan tsohon ya shafe shi, ko kuma ya bi iska gaba ɗaya, a bar maka suna da girman fim a jere alhali babu komai a bayansu. Tamkar a ba ka buhun da ba ya cin fiye da mudu goma ne, a rubuta masa mudu dubu, ka yi ta aunawa hatsin yana zubewa ta gindi. Katin 1TB na gaskiya yana nan, kamfanonin SanDisk da Micron ne suka sanar da fitowarsa a 2019, amma har yau kuɗinsa yakan kai na ƙaramar sabuwar waya. Duk wanda ya miƙo maka shi a farashin kwanon abinci biyu ko uku, ka tuna cewa araha ba ta ado.

Ba zan yaudare ka ba, idan bidiyon ya faɗa ɓangaren da babu shi, babu mai gyaran da zai dawo da shi, domin tun farko ba a rubuta shi a ko'ina ba. Idan kuwa yana cikin abin da ya zauna a ainihin katin kuma ba a hau kansa ba, mai gyaran da ya san aikinsa zai iya gwadawa da manhajoji irin su Recuva ko PhotoRec, waɗanda kyauta ake sauke su, don haka ku yi sharaɗin cewa biya sai abu ya fito. Ka kuma duba Google Photos idan kana da shi a wayar, ko Allah ya sa ya ɗora bidiyon wata rana da kake gida. Amma hanyar da na fi sa rai da ita ta mutane ce. Wanda ya ɗauki bidiyon yana iya kasancewa da shi har yanzu, kuma da wuya a yi suna a gidan Bahaushe ba tare da ƙanne da ƙawayen maijego sun ɗauki nasu sun tura wa juna ta WhatsApp ko Xender ba. Wacce ta san su waye suka ɗauka kuwa ita ce maiɗakinka, wato wadda kake ɓoye wa maganar. Kowane mako da ka ƙara kana shiru, wata daga cikinsu tana iya goge nata don wayarta ta cika, kamar yadda ka goge naka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Malam. Ka faɗa mata zuwanka na gaba, ka ba ta haƙuri, ku nema tare.

Game da saye kuwa, abokanka uku sun ba ka sunayen na'urori, amma da alama babu wanda ya tsaya ya yi maka lissafi. Zamanka a ƙauye kusan dare 12 ne. Idan kana kallon awa biyu kowane dare, awa 24 ke nan. Fim na awa biyu a tsabtar hoto ta 720p yakan ci tsakanin 1GB da 1.5GB, a 480p kuma kusan rabin haka, wanda ke nufin duk kallonka na mako biyu bai kai 20GB ba. Katin 64GB zai ɗauki fim 40 zuwa 55, na 128GB ya ninka haka. Da katin nan naka na gaskiya ne aka cika shi, da sai ka shekara biyu kana kallon fim ɗaya kowane dare ba ka ƙure shi ba. Ashe wurin ajiya bai taɓa zama matsalarka ba. Abin da ke ƙarewa a ɗakin da babu wuta shi ne caji, kuma da wannan ma'aunin ya kamata ka auna duk abin da za a nuna maka a shago.

Idan aka auna laftof da shi, ba ta da riba. Cajarta takan nemi wat 45 zuwa 65, fawa-bank na gama-gari ba ya iya cika ta, kuma ta hannu sau da yawa batirinta ya riga ya gaji, ana tsakiyar fim na farko ko na biyu za ta mutu. Za ka wayi gari kana ɗauke da ita zuwa shagon mai caji kullum, kana biyan kuɗin da ya fi na waya, kana kuma fargabar barin ta a can. Shi kuwa had-dis irin na da, a cikinsa akwai faifai da ke juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke shawagi a samansa yana karatu, tazararsu ba ta kai kaurin gashi ba. Abu mai wannan tsari bai dace da bayan acaɓa da hanyar ƙauye ba, faɗuwa ɗaya yana cikin aiki ta isa ta tafi da duk abin da ke ciki, kuma wayoyi da yawa ba su da ƙarfin wutar da za ta juya shi. Akwai ƙanensa da ake kira SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa kuma yana jure girgiza, sai dai ya fi tsada, kuma girman da zai ba ka ba ka da buƙatarsa. Sharaɗi ɗaya zan yi: idan kana buƙatar laftof don buga tambayoyin jarrabawa, ko tattara sakamakon yara, ko wani ƙarin karatu da kake yi, to wannan magana ce dabam, ka saye ta don aikin, kallo ya biyo baya.

Canza waya ma ban ga dalilinsa ba, tunda ba ka ce taka tana da wata cuta ba. Katin ne ya ci amanarka. Gaskiya ma, idan adashin yana da wasu hidimomin da ke jiransa a gida, katin asali da fawa-bank mai kyau kawai sun isa su warware mafi yawan damuwarka da wannan wayar da ke hannunka. Aibun kallo a waya shi ne ita ce igiyar da ta haɗa ka da iyali. Mutumin da ke da jaririya a gida bai kamata ya kwana da matacciyar waya don ya ƙarasa fim ba. Idan kuma ka nace sai ka canza, ka tabbatar sabuwar tana da ramin memori, domin iPhone ba ta taɓa zuwa da shi ba, Samsung ma ta cire shi daga manyan wayoyinta tun daga Galaxy S21 a 2021, ko da yake yawancin Tecno da Infinix da itel da ke hannun mutanenmu suna da shi.

Saboda haka ni tabilet nake zaɓar maka, mai allon inci 10 ko kusa da haka, wanda ke karɓar katin memori. Irin waɗannan batirinsu yakan kai mAh 7,000 (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), kuma idan fim ɗin yana cikin kati, ba daga intanet ake jawo shi ba, an kuma rage hasken allo, caji ɗaya yakan yi awa 8 zuwa 10. Jerin Galaxy Tab A na Samsung da Tab M na Lenovo suna da ramin kati, iPad kuwa ba shi da shi, don haka duk kyansa ba naka ba ne. Ba sai mai ɗaukar layi ba, wanda ke aiki da Wi-Fi kaɗai ya fi sauƙin kuɗi, kuma idan kana gida sai ka raba masa data daga wayarka. Ka nisanci waɗanda ba a san mai ƙera su ba, masu kwali ɗauke da manyan lambobi, domin ƙaryar da aka yi maka a kati ana yin irinta a tabilet. Kada kuma wani ya ƙara maka kuɗi da zancen 4K, a allo mai wannan girman 720p ya wadatar da ido.

Fawa-bank shi ne abokin tafiyarsa, kuma a nan ma akwai lissafin da masu shago ba su cika yi wa mutum ba. Lambar da aka rubuta a jikinsa ta batirin ciki ce, wanda ke aiki a kan bolt 3.7, kafin wutar ta fita sai an ɗaga ta zuwa bolt 5, wani kaso kuma ya lalace ya zama zafi. Shi ya sa mai mAh 20,000 ba ya cika waya mai mAh 5,000 sau huɗu, sai dai sau biyu da rabi zuwa uku, tabilet kuma kusan sau biyu. Ka duba yadda abin ya zo daidai da kai: ka bar Gombe da tabilet a cike, fawa-bank ya ƙara cika shi sau biyu, caji uku ke nan, wanda ya kai ko ya kusa awa 24 ɗin da muka lissafa. Wayar ita ma tana son nata rabon, don haka za ka buƙaci kai fawa-bank ɗin wurin mai caji sau ɗaya, ranar kasuwa alal misali, ko kuma ka sayi ɗan faranti na sola mai wat 20 da ke da ramin USB, ka shanya shi da safe kafin ka shiga aji, shi fawa-bank ɗin yana inuwa, igiyar caji ce kawai za ta haɗa su. Ka sayi na kamfanin da ke da suna, irin su Oraimo ko Anker, a shagon da zai ba ka rasit. Ƙarami marar nauyi da aka rubuta wa 50,000 ƙarya ce tsagwaronta, nauyin ma ba hujja ba ce, don akwai waɗanda ake cusa wa yashi. Dabara biyu za su ƙara maka awanni ba tare da ka kashe kobo ba: rage hasken allo, tunda ɗakin da duhu, da sa wayar a yanayin jirgin sama a lokutan da ka san babu sabis ko kaɗan, domin laluben sabis mai rauni yana shan batir ƙwarai. Iyafis mai waya kuma ya fi na Bluetooth a wurinka, saboda ba ya neman caji.

Wajen sayen sabon kati, ga abin da rubuce-rubucen jikinsa ke nufi. Daga 32GB zuwa ƙasa ana rubuta SDHC, daga 64GB zuwa sama SDXC. Na farkon yakan zo da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya wuce 4GB, na biyun kuma da exFAT wanda ba shi da wannan iyaka, sai dai wasu tsofaffin na'urori da talabijin ba sa karanta shi. Lamba 10 a cikin da'ira, ko 1 a cikin harafin U, tana nufin katin yana rubuta aƙalla 10MB a daƙiƙa, kuma hakan ya ishi kallo. U3 da V30 na masu ɗaukar bidiyo mai nauyi ne, kada ka biya kuɗin gudun da ba za ka mora ba. Idan ka sa na 128GB ka ga ya nuna kusan 119GB, ko na 64GB ya nuna kusan 59GB, ba cuta ba ce, kamfani da dubu yake ƙirga, kwamfuta kuma da 1,024. Suna irin SanDisk ko Samsung ko Kingston a jikin kati ba ya tabbatar da komai, don su aka fi kwaikwaya. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Akwai ƙaramar manhajar kwamfuta mai suna H2testw da ke cika katin gaba ɗaya sannan ta karanta abin da ta rubuta, ta faɗi ainihin cikinsa, tana cin lokaci amma ba ta ƙarya. Idan ba ka samu ba, ka cika shi maƙil da fina-finai, ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe, kana tsallakawa zuwa tsakiyar kowanne. Ku yi magana da mai shago tun kafin ka biya cewa idan ya faɗi gwaji za ka dawo da shi. Ni da ni ne, kati biyu na 64GB zan saya maimakon ɗaya na 128GB, ɗaya yana hanya ɗaya yana gida.

Akwai wata tambaya da wasu na'urorin Android ke yi idan aka sa sabon kati, ko a mayar da shi ɓangaren ƙwaƙwalwar ciki, ko a bar shi na cirewa da mayarwa. Ka zaɓi na biyun. Na farkon yana kulle katin da wannan na'urar kaɗai, ranar da ta lalace abin da ke ciki ya tafi tare da ita.

Ka ƙara da filas mai kai biyu, ɗaya na shiga waya ko tabilet, ɗaya na shiga kwamfuta da talabijin. Ban ba ka shawarar yin kallo da shi a maƙale ba, don yana girgiza ramin caji har ya saki, kuma yana tare wurin da caja za ta shiga. Amfaninsa shi ne ajiyar abin da ba shi da madadi: hotunan iyali, takardun aikinka, da bidiyon sunan idan Allah ya sa aka samo shi. Wannan filas ɗin ya zauna a gida a hannun maiɗakinka, kada ya taɓa zuwa shagon tura fim, a kuma ɗora kwafi na uku a Google Drive, inda kowane mai adireshin Gmail yake da 15GB kyauta. Kati da filas duka suna iya mutuwa ba sallama, ko da na asali ne.

Manhajar kallo kuwa, VLC ta ishe ka. Kyauta ce, ba ta da talla, kuma tana buɗe kusan kowane irin fayil ɗin bidiyo. Idan ka ga an rubuta HEVC ko x265 a sunan fim, yana nufin an matse shi ya yi ƙanƙanta ba tare da hoton ya lalace sosai ba, amma tsohuwar na'ura takan riƙa sarƙewa da shi tana shan batir, don haka ka gwada ɗaya kafin ka cika kati da irinsa. Abin da ka sauke a cikin YouTube ko Netflix yana zaune ne a cikin manhajar, ba a tura shi wani wuri, kuma yana da wa'adi, idan ya daɗe bai ga intanet ba yakan rufe. Ka sauke a daren da za ka tafi, da datar dare mai rahusa, ka buɗe kowanne ka gani kafin ka hau mota. Tunda masu shirya fina-finan Hausa da yawa yanzu a tashoshinsu na YouTube suke saki, kallo ta can yana mayar musu da wani abu daga cikin wahalarsu, abin da turi a shago ba lallai ya yi ba. Idan kuma ka je wurin masu turi, ka tsaya a kansu ka faɗi abin da kake so ɗaya bayan ɗaya. Kwamfutar da kowa ke soka wa kati takan ɗauki cutar da ke ɓoye fayiloli, sannan wasu kan haɗa da abin da ba a tambaye su ba. Kai malami ne, ɗalibai suna shiga ɗakinka, yara a gida ma za su ɗauka, saboda haka ka duba abin da aka zuba maka, ka kuma sa wa allon makulli.

Zafi ne babban maƙiyin batir. Kamfanin Apple ya ƙayyade wa na'urorinsa yanayin aiki daga digiri 0 zuwa 35, sauran ma kusan haka suke, kai kuwa ka san yadda ɗakin kwano yake da tsakar rana a watan Maris da Afrilu a yankin Nafada. Kada ka bar tabilet ko fawa-bank a taga ko a kan katifa yana caji, balle ƙarƙashin matashi, kuma duk batirin da ka ga ya kumbura ka daina amfani da shi nan take. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe ramin caji, jaka mai zif da riga mai murfi sun isa maganinta.

Ranar da za ka je saye, ka tafi da iyafis ɗinka da fim ɗaya a kati ko filas. Idan tabilet ɗin na hannu ne, ka sa a cire asusun Google na tsohon mai shi a gabanka, a mayar da shi kamar sabo, ka shiga da naka, domin idan ba haka ba yana iya kullewa bayan ka isa gida. Ka shafa bayansa ka ji ko ya taso, ka karkata allon ka ga ko hoton yana dishewa, sannan ka kunna fim ɗin ka zauna rabin awa kana kallon lambar batir. Idan ya sauka da kashi biyar zuwa takwas, lafiyarsa ƙalau. Idan ya zubar da kashi ashirin, ka miƙa wa mai shago kayansa, ka yi masa godiya, ka leƙa shago na gaba.